Sukuk ɗin gwamnatin tarayya: yana da kyau, amma mai bashi a wuya ya dakata tukuna

Tun da aka yi Sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa ta gwamnati, na watan Mayun 2025 mutane ke ta tambaya wai abin nan na gaske ne ko dai su MMM da CBEX da suka gudu da kuɗin mutane ne aka sake wa riga, to bari in faɗi abin da na gani tunda ni ma ina da ɗan abin da na saka a ciki. Na gaske ne jama'a. Ofishin kula da basussuka na ƙasa wato DMO shi ke fitar da shi da sunan gwamnatin tarayya, kuma tun 2017 ake yinsa. Na farkon naira biliyan 100 ne na shekara bakwai, wa'adinsa ya cika a watan Satumban 2024 kuma an mayar wa mutane uwar kuɗinsu cif, to ka ga batun a wayi gari an rufe shafi an gudu da kuɗin mutane bai ma taso ba.

Yadda abin yake, ba rance ka ba gwamnati ta biya ka da ruwa ba. Tsarin ijara ne, kuɗinku da aka tara ake aikin titi da gada da su, ku masu takardar kuna da kaso a cikin kadarar, ita kuma gwamnati tana biyan ku haya sau biyu a shekara har wa'adi ya cika ta biya ku uwar kuɗin. In kana bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Abuja zuwa Lokoja ka sha ganin allon nan da aka rubuta Sukuk a bakin titi, to shi ne. Kwamitin malamai masana da ke ba Babban Bankin Najeriya shawara kan harkar kuɗi ta Musulunci ya duba ya amince da shi, duk da haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ya tambayi malaminsa, ni ba mai fatawa ba ne. Kuma ba na Musulmi kaɗai ba ne, kowa na saya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofar ba ta da tsada. Naira dubu 10 ne mafi ƙaranci, daga nan sai ka riƙa ƙarawa dubu ɗaya-ɗaya iya ƙarfinka. Na 2025 ɗin hayarsa kashi 19.75 cikin ɗari ne a shekara, wato in ka saka dubu 100 duk wata shida za ka ji alat na naira 9,875, ba ka je ko'ina ba, ba ka bi kowa kana Allah ya ba ka haƙuri ba, ba uwar adashe da za ta ce maka wane bai zuba ba sai wani satin. Wlh wannan kwanciyar hankalin kaɗai abin a biya ne ga wanda ya taɓa ba wani jari ya juya masa ya dawo da labari. Kuma da yake kuɗin ba sa cikin wayarka, ranar da aka kira ka ana neman gudummawar biki ko ka ga wata sabuwar waya ranka ya biya, ba yadda za ka yi ka danna ka cire, haka nan za ka haƙura.

To amma fa ga inda nake so mai bashi ya tsaya ya saurare ni da kyau. Na ga mutane da dama, albashi na shigowa manhajar lamuni ta zare nata, mai shago na bin su na shinkafa da taliya, kuɗin makarantar yara rabi aka biya, amma suna maganar za su saka dubu 50 a Sukuk don su ma su fara tara dukiya. Ɗan uwa yi lissafin da kanka. A ce manhajar da ka ci bashinta tana ɗora maka kashi 10 a wata, misali kawai na bayar, a shekara ya kai kashi 120 ke nan tun kafin a zo maganar tarar jinkiri, kai kuma Sukuk zai ba ka ƙasa da 20 a shekarar gaba ɗaya. Kana ɗiba da cokali ana kwashe maka da ludayi. Dubu hamsin ɗin nan in ka kai ta ka kashe bashin ta fi yi maka aiki nesa ba kusa ba, balle a zo ga tonon asirin da wasu daga cikin manhajojin suke yi, su bi lambobin wayarka suna tura wa surukai da abokan aiki saƙo cewa kai macuci ne, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye wato FCCPC ta far musu a 2022. Sai ka gama da masu ruwa, ka sallami mai shago, ka ajiye ɗan abin ko-ta-kwana na asibiti da haya a inda hannunka zai kai cikin dare, sannan abin da ya yi saura shi ne na Sukuk.

Na ce na ko-ta-kwana ne saboda fita kafin wa'adi ba ta da daɗi. Eh ana iya sayarwa, an saka shi a kasuwannin cinikin takardun jari na NGX da FMDQ, amma sai ka bi ta hannun dillali, sai an samu mai saye, kuma a farashin ranar. Wanda ya sayi na 2020 mai hayar kashi 11.2 in ya tashi sayarwa a lokacin da sabo ke biyan kusan 20, wa zai saya a hannunsa ba tare da ya karya farashi ba?

Sai babban ciwon, wato faɗuwar naira, kuma wannan masu tallata shi ba su cika son a yi maganarsa ba. Ɗauki wanda ya saka dubu 100 a na 2017 mai hayar kashi 16.47. A shekara bakwai ya karɓi haya wajen dubu 115, aka kuma dawo masa da dubu ɗarinsa, a takarda ya fi ninki. Amma lokacin da ya saka dala tana wajen naira 360 a kasuwar bayan fage, lokacin da aka biya shi ta haura 1,500, kuma a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Dubu ɗarin da ya bayar da wadda aka dawo masa da ita suna kawai suka haɗa, ka tambayi duk mai cefane. Shi ya sa ni hayar ba na cin ta, ina tara ta in sake sakawa ko in haɗa in sayi abin da ke tashi tare da kasuwa, kuma ba zan ba kowa shawara ya juye komai nasa a nan ba. Wani kaso a Sukuk, wani a hatsi ko dabba ko fili ko gwal in da hali. Maganar zakka ma kar a manta da ita in kuɗin sun kai nisabi.

Wajen saye kuwa akwai ɗan ɓacin rai. Ba kullum ake sayarwa ba, sai gwamnati ta buɗe, kuma kwanaki kaɗan ne a rufe, na 2025 sati ɗaya da ɗoriya aka yi, biliyan 300 ake nema amma buƙatun da suka shigo sun haura tiriliyan 2, yawanci daga manyan masu jari. Fom ɗin shi kansa ba wuya, suna ne da lambar BVN da lambar akawun ɗin da za a riƙa turo hayar da adadin da kake so, sai wani ɗan gurbi na lambar CSCS, wato asusun da ake ajiye maka takardar, nan ne mutanenmu suke cijewa don da yawa ba su ma taɓa jin sunansa ba. A wani reshen banki da na shiga ma'aikaciyar da na tarar ba ta san an buɗe Sukuk ɗin ba sam, sai da ta tashi ta tambayo a ciki, mutum in ba mai naci ba ne daga nan zai juya gida.

In maki zan bayar, wajen amana da biya kan lokaci biyar cikin biyar, wajen sauƙin saye uku, wajen kare kuɗi daga tsadar rayuwa biyu da ƙyar. Wanda ya sallami masu binsa kuma yake son shiga na gaba, ya nemi dillali mai rajista da hukumar kula da kasuwar jari wato SEC ya buɗe masa CSCS ɗin tun yanzu, ya riƙa leƙa shafin DMO, don in aka buɗe babu lokacin wannan zirga-zirgar.