Daga Jamus: Yadda Ake Mayar da Ma'aikaci Bakin Aiki Bayan Jinya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Tambayoyin da kuke aiko mini a kan Jamus ba sa wuce albashi da kuɗin haya da sanyi. Yau labarin wata hidima zan ba ku, wadda a ganina ta fi yawancin kayan da muke yabawa daraja: yadda ake tallafar ma'aikacin da ciwo ya kayar har ya koma bakin aikinsa.

Batun kuɗi a taƙaice yake. Idan ka kwanta, mai kamfani zai biya ka cikakken albashi na mako 6. Daga nan asusun inshorar lafiya ya karɓa, yana ba ka kashi 70 cikin 100 na albashinka kafin a cire haraji, har a cika mako 78 cikin shekara 3 a kan ciwo guda. A dokar ƙwadago ta Najeriya kuwa, kwana 12 na aiki a shekara ne hutun jinyar da ake biya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani tsarin mayar da ma'aikaci bakin aiki da ake kira BEM, wanda ya shiga doka a 2004. Duk ma'aikacin da jinyarsa ta haura mako 6 cikin wata 12, ko a jere ko a rarrabe, wajibi ne kamfani ya gayyace shi zama don a duba yadda zai dawo ba tare da ciwon ya sake kayar da shi ba. Kamfani ne ke da tilas, shi ma'aikaci yana da ikon ya ce a'a.

Na ga amfanin wannan a sito ɗin da nake aiki. Wani abokin aikinmu, magidanci mai 'ya'ya, an yi masa tiyata a ƙashin baya. Da aka zauna da shi akwai jami'ar kula da ma'aikata, da wakilin majalisar ma'aikata, da likitan kamfani. Ba wanda ya tilasta masa faɗin sunan ciwonsa, domin ko takardar likita da ke isa hannun kamfani ba ta ɗauke da shi. Tambayar da aka yi ita ce: me kake iyawa yanzu, me kuma zai cutar da kai? Sai likitansa ya tsara masa abin da ake kira tsarin Hamburg, wato dawowa sannu a hankali. Ya fara da 'yan awoyi a rana, ana ƙara masa duk bayan 'yan makonni. A tsawon lokacin doka tana ɗaukarsa majinyaci ne, inshora ke biyansa, don haka mai kamfani ba ya ganin an ɗora masa rabin ma'aikaci da cikakken albashi. An ɗauke shi daga ɗaukar kwalaye aka sa shi tantance kaya, aka kawo masa tebur mai ɗagawa da saukewa. Mutumin da muka ɗauka ya tafi ke nan, ga shi yana ciyar da iyalinsa da guminsa.

Idan a bakin aiki aka ji raunin, wata ƙofar ce daban. Inshorar haɗari ta ƙasar nan tun 1884 take, zamanin shugaban gwamnati Bismarck, kuma masu kamfanoni kaɗai ke zuba mata kuɗi. Ƙa'idarta ita ce a fara neman gyara mutum kafin a yi maganar fansho. Mai mummunan rauni ana haɗa shi da jami'i guda da zai bi lamarinsa tun daga gadon asibiti: gashin ƙashi, ƙafar roba, gyaran mota ko gida, har koyon sabuwar sana'a idan tsohuwar ta gagara. Wannan jami'in shi ne nake yi wa gida kwaɗayi.

Ba zan ɓoye muku nauyin abin ba. Takardu suna da yawa, da Jamusanci mai wuya, kuma baƙi irinmu da dama idan suka ga wasiƙar gayyata sai gabansu ya faɗi, su zaci share fagen kora ne. Tsoron yana da tushe, domin akwai masu kamfanin da ke yin zaman don kawai su sami hujja a kotun ƙwadago. Ƙaramin kamfani kuma sau da yawa ba shi da aiki mai sauƙi da zai ba ka. Duk da haka shawarata ga duk wanda aka gayyata ita ce ya je, ya tafi da wanda ya amince da shi, tunda doka ta ba shi wannan damar. Maƙwabtanmu na Holan ma sun fi matsa wa mai kamfani, shi ke biyan aƙalla kashi 70 na albashin majinyaci har shekara 2, abin da ke sa ya damu da dawowarka.

A gida ba doka muka rasa ba. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da NSITF, hukumar asusun inshorar ma'aikata ta Najeriya, ke gudanarwa, inda kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa. Akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, mai ware musu kashi 5 na guraben aikin gwamnati. Abin da ke ci mini rai shi ne tunaninmu ya tsaya a kan diyya da jaje. A zo dubiya, a ce Allah ya ba da lafiya, kafin mutum ya miƙe an sa wani a gurbinsa. Alhali rage awoyi na ɗan lokaci, ko sauya wa mutum aiki, ba ya cin kuɗin da ake zato.

Ku da ke aikin albashi, ku tambaya tun kuna da lafiya ko kamfaninku ya yi rajista da NSITF. Idan tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aikinsa, neman diyya kuma cikin shekara guda. Ku riƙe kwafin kowace takardar asibiti, sannan tun kuna jinya ku nemi a rubuta muku yadda za ku dawo.