Bututun saman shinge da na ɗaura don tsare dabbobin gida daga koyoti

A karkarar jihar Texas ta Amurka inda muke zaune, babbar barazana ga kyanwa da ƙananan karnuka ita ce koyoti, wata dabbar dawa mai kama da dila wadda takan fito da magariba ko gab da asuba. Bayan ta ɗauke mana kyanwa guda a bayan gida, sai na sayi bututun alminiyam mai juyawa da ake jerawa a saman shinge, kowanne tsawonsa ƙafa 4.

Koyoti ba ta cika haye dogon shinge da tsalle ɗaya ba, takan kafa ƙafafunta na gaba a samansa ne ta ja jikinta, to da zarar ta taɓa bututun sai ya juya, ta rasa madafa ta koma baya. Na sha ganin sawunta a laka da safe, da karcen farcenta a jikin katako, amma wata shida ke nan ba ta shigo ta sama ba.

Sai dai mai sayarwa bai jaddada mini cewa shingen na buƙatar kaiwa ƙafa 6 ba, don haka sai da na ƙara tsawon ɓangaren gabas, wanda ya ci kuɗi sosai. Bututun kuma ba ya hana haƙa, domin a wata na biyu na tarar da rami a ƙarƙashin ƙofa, dole na binne ragar waya a gindin shingen. Har yanzu ina shigar da kyanwar da ta rage cikin ɗaki kafin faɗuwar rana.