Bahon wanka ya toshe: me ya kamata ka saya?

Yawancin toshewar bahon wanka ba ta da nisa. Gashi ne, da zaren soso, da dauɗar sabulu, suke cukurkuɗewa a bakin magudana ko a lanƙwasar bututun da ke ƙasa, inda ruwa kan tsaya don hana wari dawowa. A gidan da ake tsefe kai a banɗaki, abin ya fi yawa. Tunda haka ne, abin da zai jawo dattin waje ya fi wanda zai narkar da shi, kuma a ganina da shi ya kamata a fara.

Mafi arha ita ce siririyar robar nan mai ƙayoyi a gefe, tsawonta wajen santimita 50. Ka cire murfin magudana, ka zura ta, ka ɗan juya, ka jawo a hankali. Za ta fito da dunƙulen gashi baƙi ƙirin mai santsi da ɗoyi, sai ka ji ruwa ya wuce zuu. Aibinta, ba ta kai wa nesa, kuma tana iya karyewa idan aka fizge ta.

Robar tsotso mai mariƙin katako tana aiki, amma mutane da yawa suna cewa ba ta da amfani saboda sun manta da ramin da ke saman baho, wanda ke kwashe ruwa idan ya cika. Ta nan iska ke zurarewa. Ka toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar ruwa ya rufe bakin robar, sannan ka danna. Sayi mai faffaɗan baki, ba ta masai ba.

Idan waɗannan sun gaza, sai waya mai naɗi, wadda masu gyaran famfo ke murzawa da hannu. Ta gida kan kai mita 3 zuwa 7. Ta fi tsada, amma saye ɗaya ne na shekaru. A baho, ta ramin saman nan ake zura ta, don ta fi saurin isa lanƙwasar.

Sai maganin zubawa, wanda shi ne nake so a yi hattara da shi. Irin su Drano, da sodar da ake haɗa sabulu da ita, suna cin gashi da maiƙo, gaskiya ne. Amma soda na fitar da zafi idan ta haɗu da ruwa, zafin kuma na iya lausasa bututun roba ya saki mahaɗinsa. Idan toshewar ba ta buɗe ba, ka samu baho cike da ruwa mai ƙona fata da ido, a gida mai yara. Kada a taɓa haɗa ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, da asid, domin suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Kada kuma a sa robar tsotso bayan an zuba magani, zai fantsamo maka. Idan ka kira mai gyara daga baya, don Allah ka gaya masa abin da ka zuba kafin ya sa hannu.

Tafasasshen ruwa ma ba ya yi wa bututun roba daɗi, mai ɗumi sosai ya isa.

Idan baho da wurin wanke hannu da masai duk suna jan ruwa a hankali lokaci guda, matsalar tana babban bututu ko sokawe ya cika, wannan kuma aikin mai gyara ne. In kana shagon kayan famfo, haɗa da ƙaramar rariyar ƙarfe ta ɗora wa bakin magudana, ka auna faɗin ramin kafin ka fita daga gida.