Darasin murya kan Kwon Young-ghil a wani shago kusa da Kasuwar Dole: yajin aikin ya fito, siyasar ta yi ƙaranci

A cikin shagunan da ke kewaye da Kasuwar Dole a nan Zinder, inda aka saba tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a katin waya, akwai wani ƙaramin shago da ya fara sayar da darussan tarihi cikin murya da Hausa. Daga cikinsu akwai na rayuwar Kwon Young-ghil, jagoran ƴan ƙwadago na Koriya ta Kudu wanda daga baya ya shiga siyasa. Darasin kashi uku ne, kuma dala ɗari ake biya idan mutum ya zo da katinsa. Yaron shagon ba ya karɓar kuɗi sai ya mayar da katin cikin wayarka, ya kunna, ya ce, "Malam, saurara tukuna ka ji ko ya shiga," abin da ba kowane mai turi ke yi ba.

Kashi na farko gajere ne, kuma hakan ya dace. An haifi Kwon a Japan a 1941, ya tashi a kudancin Koriya, ya yi aikin jarida har ya zama wakilin jaridar Seoul Shinmun a birnin Paris, sannan a 1988 ya jagoranci haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan kafofin watsa labarai.

Kashi na biyu shi ne ya cancanci kuɗin. Mai karatun ya bi yadda aka kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta KCTU a watan Nuwamba na 1995, Kwon yana shugabanta na farko, alhali gwamnati ba ta amince da ita a hukumance ba. Sai ya zo kan asubahin 26 ga Disamba 1996, lokacin da ƴan majalisar jam'iyya mai mulki, a zamanin shugaba Kim Young-sam, suka shiga zaure ba tare da ƴan adawa ba, suka zartar cikin ƴan mintuna da dokar da ta sauƙaƙa wa kamfanoni sallamar ma'aikata. A nan mai karatun ya sassauta murya, ya bi labarin daki-daki: ma'aikatan masana'antun motoci da na ƙera jiragen ruwa suka ajiye aiki, na asibitoci da na jirgin ƙasa suka bi baya, shugabannin ƙwadagon kuma suka fake a harabar cocin Myeongdong da ke Seoul cikin tsananin sanyi, har gwamnati ta sassauto aka sake dokar a watan Maris na 1997. Duk wanda ya ga rawar da USTN, babbar ƙungiyar ƙwadago ta Nijar, ta taka a ƙasarmu kafin Babban Taron Ƙasa na 1991 zai gane wannan yanayi ba sai an yi masa dogon bayani ba, kuma na yaba da mai karatun bai tsaya cika mu da kwatance ba.

Inda na ga rauni shi ne kashi na uku. An kawo takarar shugaban ƙasa da Kwon ya yi sau uku, a 1997 da 2002 da 2007, da kafa jam'iyyar ma'aikata ta DLP a shekarar 2000, da kujeru 10 da ta samu a majalisa a 2004, shi kansa ya ci mazaɓarsa a Changwon, garin masana'antu. Duk wannan gaskiya ne, amma an jera shi tamkar nasara ce ke bin nasara. Ba a faɗa wa mai sauraro cewa ƙuri'unsa ba su taɓa kai kashi 4 cikin ɗari ba a takarar shugabancin. Ba a kuma ambaci cewa bayan durƙushewar tattalin arziki a ƙarshen 1997 da karɓar bashin IMF, dokar sallamar ma'aikatan da aka yi yaƙi da ita ta fara aiki a 1998 ba. Rabuwar da jam'iyyar ta yi a 2008, wadda saɓani kan matsayinta game da Koriya ta Arewa ya haddasa, har jiga-jiganta Roh Hoe-chan da Sim Sang-jung suka fice, ita ma an tsallake ta. Ga ɗan sandika da ke tunanin ko ƙarfin yajin aiki yana komawa ƙuri'a ranar zaɓe, waɗannan su ne sassan da zai fi buƙata.

Ta fannin sauti, muryar a bayyane take, sai dai an ɗauki kashi na uku a wuri mai hayaniya, domin ana jin ƙarar kabu-kabu da kiran mai ruwa a bayan mai magana. Fayilolin kuma ba su da suna sai lambobi, saboda haka wayar takan fara da na ƙarshe. Wanda zai saya, musamman malamin makaranta ko wakilin ma'aikata da ke son kunnawa a taro, ya roƙi yaron shagon ya rubuta musu suna a jere kafin ya cire katin.