Wajen wa za ka kai damuwa in sirrin ya yi nauyi?

Ɗan ƙanwata ne ya jefa ni cikin wannan binciken. Yaro ya rame, barci ya ƙaurace masa, sai da na zaunar da shi a shagona nan Gusau ya ce kawu ni fa maza zuciyata ke so kuma tsoro na neman kashe ni. Toh kowa ya san garin nan, ga dokar hana auren jinsi ta 2014 mai ɗaurin shekara 14, ga kuma kotunan shari'a, shi ya sa ni yanzu bakin mai ba da shawara nake fara dubawa, digiri ya biyo baya.

In mutum ya fara zancen kashe kansa ba wani zaɓe-zaɓe, likitan ƙwaƙwalwa ne, irin na asibitin Kware a Sakkwato. CBT kuma, wato zaman tattaunawa da ƙwararre don gyara tunani da ɗabi'a, ba laifi, sai dai zama ya yi yawa ga aikin gida kamar makaranta, kuɗin mota kaɗai ya ishe ka.

Wanda ya kwanta min a rai shi ne SFBT, gajeren zama na neman mafita, Steve de Shazer da matarsa Insoo Kim Berg suka fito da shi a Milwaukee ta Amurka wajen shekarun 1980. Ba a tone-tonen wa ya lalata ka ko me ya faru kana yaro. Matar da muka samu ta waya mai ba da shawara da wannan salon cewa ta yi wa yaron, a ce cikin dare kana barci damuwar ta tafi, da safe me za ka fara gani? Ya ce zai sha koko gaban mamarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ta ce daga 0 zuwa 10 ina kake, ya ce 3, ta ce to me ya hana ka zama 0, nan ya fara lissafo abin da ke riƙe da shi, sallar asuba, ɗinkinsa, ni. Sunan kowa ba ta tambaya ba. Zama biyar suka yi.

Amma kafin ita an ci mu. Wani a Facebook mai kiran kansa dakta ya ce cikin kwana 40 zai "warkar" da shi, alhali tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta cire abin daga jerin cututtuka. Ya karɓi kuɗi, ya nemi yaro ya turo bayani da muryarsa, sati biyu sai ga saƙo ko a ƙaro kuɗi ko murya ta je gurup ɗin unguwa. Duk wanda ya nemi murya, hoto ko sunayen abokai ka rufe shi nan take. Gidan mari kuwa ku tuna waɗanda 'yan sanda suka fito da su da sarƙa a ƙafa a Rigasa ta Kaduna a 2019. Kuma kafin zaman farko ka tambaya ƙarara, abin da za ki rubuta ina ake ajiye shi, wa da wa ke iya buɗewa?