Wuƙar da gishirin teku bai ci ba: ra'ayina kan Spyderco Atlantic Salt

Duk wanda ke tuƙa kwale-kwale a teku ya san gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, shi ya sa ko wuƙar da aka rubuta mata "ba ta tsatsa" sai ka ga ta yi ɗigo-ɗigon ja idan ta kwana a jiƙe. Sinadarin kuromiyam da ke cikinta yana rage tsatsa ne kawai, ba ya hana ta.

Wannan ne ya kai ni ga Atlantic Salt, wuƙa mai ninkewa ta kamfanin Spyderco. Ruwan wuƙata da ƙarfen H1 na Japan aka yi shi, wanda aka sa wa naitirojin a madadin yawancin kabon, kabon kuwa shi ke buɗe wa tsatsa ƙofa. Tawa tana maƙale a ƙirjin rigar ceto, igiyar ruwa ta dake ta, rana ta busar da ita har gishiri ya yi fari a ƙotar, amma in na buɗe ta fes nake samunta.

Abin da ya fi burge ni ma bakinta ne. Ba ta da tsini, dungu ne. Ka tuna kana cikin jirgin da ke tangaɗi, zaren ƙugiya ko tsohuwar koma ta naɗe maka ƙafa, hannu yana rawa don sanyi. A nan wuƙa mai tsini abokiyar gaba ce, ko ta soke ka ko ta huda kwale-kwalen roba. Na zaɓi mai haƙoran zarto, domin jiƙaƙƙiyar igiya santsi take yi a kan kaifi miƙaƙƙe, haƙoran kuwa kama ta suke. Akwai babban rami a jikin ruwan wuƙar da babban yatsa ke shiga, ka buɗe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da filafili. Ƙotar rawaya ce, ko ta faɗi a ƙasan jirgi ido zai kai kanta nan take.

Sai dai H1 maras haƙora ba ya riƙe kaifi sosai, masu haƙoran kuma wasa su sai da siririn dutse da haƙuri. Kuma ba wuƙar gyaran kifi ba ce.

Ban da wuƙar, ina tafiya da filaya mai kayan aiki da yawa saboda ɗaure noti da cire ƙugiya, amma a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Gaɓoɓinta sun yi yawa, gishiri na ɓuya a kowane lungu. Wata da na taɓa saya ta cije gaba ɗaya, sukundireban ya ƙi fitowa. Yanzu da na sauka nake ɗauraye ta da ruwan daɗi, in shanya ta a buɗe, in ɗiga mata mai a kowace gaɓa kafin in ninke.