Opera da Rawar Bale a Talabijin: Wace Hanya Ce Ta Cancanci Kuɗinka?

Manyan gidajen opera da rawar bale suna can Milan da Paris da Landan da Vienna da New York. A Afirka akwai na Alƙahira da na Cape Town, sai cibiyar MUSON ta Legas da kan shirya wasa lokaci zuwa lokaci. Wanda yake Kano ko Damagaram ko Kumasi kuwa, allo ne kaɗai ƙofarsa. Kada kuma a raina wannan ƙofa. Pretty Yende, 'yar Afirka ta Kudu da ta rera waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023, tana da shekara 16 ta fara jin muryar opera, a cikin tallar kamfanin jirgin sama na British Airways da aka sa a talabijin ɗin gidansu. Daga nan ta nemi ta san mene ne wannan, har ta kai ga dandalin La Scala, babban gidan opera na Milan.

Kafin a zo batun kuɗi, sai a raba abubuwan biyu, domin buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa, da gungun makaɗa a ƙasan dandali, yawanci cikin Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci ko Rashanci. Mai kallonsa yana buƙatar sauti mai kyau da fassarar da ke fitowa a ƙasan allo. Bale kuwa labari ne da jiki ke bayarwa, babu magana ko ɗaya, saboda haka babu ruwansa da fassara, amma yana son allo mai faɗi da hoto tar, inda za ka ga mai rawa tun daga kai har yatsun ƙafa. Wanda ya san wanne ya fi so a cikinsu ya riga ya yi rabin zaɓi.

Abin da kamfanoni ke sayarwa a yau, akasarinsa taskar da gidajen talabijin suka yi shekaru suna tarawa ce. A jajibirin Kirsimeti na 1951 tashar NBC ta Amurka ta nuna opera na farko da aka rubuta musamman don talabijin a ƙasar, aikin Gian Carlo Menotti. A 1977 tashar PBS ta fara kawo wasannin gidan Metropolitan Opera na New York kai tsaye, da Luciano Pavarotti da Renata Scotto a wasan farko. A Yulin 1990, ana gobe wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, Pavarotti da Plácido Domingo da José Carreras suka rera tare a birnin Rum, masu kallon ƙwallo da ba su taɓa shiga gidan opera ba suka ji su a ɗakunansu. A ƙarshen 2006 kuma gidan Metropolitan ya fara aika wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen sinima. Kowane irin shiri aka yi, an naɗe shi an ajiye, yanzu kuma shi ake ce maka ka biya ka kalla.

Ni dai shawarata ita ce kada ka biya ko kwabo a watannin farko. Akwai na kyauta mai inganci, kuma halattacce, ba na sata ba. Wanda ya fi kowanne amfani shi ne OperaVision. Ƙungiyar gidajen opera ta Turai, Opera Europa, ce ke gudanar da shi da tallafin Tarayyar Turai, tun 2017. Cikakkun wasanni yake sakawa a shafinsa da kuma YouTube, daga gidaje daban-daban, da fassara cikin Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, kuma wasa yakan zauna watanni kafin a cire shi. Kasancewarsa a YouTube ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data, domin kai za ka zaɓi girman hoton da kake iya ɗauka, ka tsaya yau ka ci gaba gobe. Inda ya gaza shi ne ba kai ke zaɓen abin da za a sa ba. Idan wani sanannen wasa kake nema, mai yiwuwa ka tarar babu shi a lokacin. Sannan rawar bale kaɗan ce a cikinsa. Gidajen opera na Vienna da Munich su ma sukan watsa wasu wasanninsu kyauta a shafukansu, sai dai na ɗan gajeren lokaci ne, wanda bai bi jadawali ba ya rasa.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru masu jin Faransanci, akwai ARTE, tashar haɗin gwiwar Faransa da Jamus da aka buɗe a 1992. Sashenta na kiɗe-kiɗe a intanet kyauta ne, kuma ɗaukar hotonsu na ƙwararru ne. Matsalarta ɗaya: wasu shirye-shiryen a rufe suke ga wanda ba ya Turai, sai ka danna ka ga an ce ba a nunawa a ƙasarka. Haka abin yake da tashar Rai ta Italiya, wadda ke nuna buɗe kakar La Scala kowace 7 ga Disamba. Mai son bale ya riƙe ranar bale ta duniya, wadda aka fara a 2014, inda manyan ƙungiyoyin rawa ke nuna atisayensu na safe kai tsaye kyauta. A ganina babu abin da ya fi wannan koya wa baƙo abin da ake nufi da bale, domin a nan ake ganin gumi da maimaici da gyaran malami, kafin a sa kayan ado.

Idan ka yi rabin shekara kana kallon na kyauta, ka ga har yanzu ranka yana nema, to lokacin biya ya yi. A nan sai ka tambayi kanka wanne ka fi so.

Mai son opera zalla, Met Opera on Demand, dandalin kallo na gidan Metropolitan na New York, shi ne nasa. Ɗaruruwan cikakkun wasanni ne a ciki, da sababbin da aka ɗauka don sinima, da tsofaffin na talabijin tun daga 1977, da na rediyo tun shekarun 1930 waɗanda sauti ne kawai. Farashinsa ya daɗe a wajen dala 15 a wata. Abin da ya sa na fifita shi ga sabon shiga shi ne yawancin wasannin gidan ana yin su ne yadda labarin ya zo, da tufafi da gine-ginen zamaninsa, ba kamar wasu gidajen Jamus da kan ɗauko labarin ƙarni na 18 su dasa shi a ofishin zamani ba. Wannan salon yana da masoyansa, amma yana rikita wanda bai san asalin labarin ba. Kada dai mai son rawa ya kai kuɗinsa nan, domin ba gidan bale ba ne.

Mai son bale ya dubi na Landan. Babban gidan opera na can, wato Covent Garden, ya buɗe nasa dandalin kallo a 2022 a kan kusan fam 10 a wata, kuma yana haɗa wasannin ƙungiyar rawarsa ta Royal Ballet da na opera, da shirye-shiryen bayan fage. Taskarsa ba ta kai ta New York girma ba, amma ga wanda yake son abubuwan biyu a rijista ɗaya, shi ya fi daidaito. Gidan opera na Paris, wanda ƙungiyar rawarsa ta samo asali tun zamanin Sarki Louis na 14, shi ma yana da nasa, kuma ya fi dacewa da mai jin Faransanci. Sai medici.tv, wanda ba na gida ɗaya ba ne, yana tattaro wasanni daga wurare da yawa, da darussan manyan malamai da tarihin mawaƙa. Ƙarfinsa yana wajen kiɗan gungun makaɗa, saboda haka ɗalibin kiɗa zai fi cin moriyarsa a kan mai neman labari. Marquee TV kuwa ya haɗa rawa da opera da wasan kwaikwayo na dandali.

Duk waɗannan da kuɗin waje ake biya, kuma farashi yana canzawa, don haka ka duba na ranar. Ka tambayi bankinka ko katinka yana biyan dala, da kuma iyakar da aka sa masa. Da yawansu suna ba da 'yan kwanaki na gwaji, amma sai ka sa lambar kati tukuna, kuma idan ba ka soke ba kafin wa'adi, za a cire kuɗin ba tare da an sake tambayarka ba. Ka fara da na wata-wata. Na shekara ya fi rahusa a lissafi, amma ba ga wanda zai kalli wasa uku ya manta ba.

Ga wanda ya fi son talabijin irin na gado, a kunna a zauna, akwai tashoshin da aikinsu ke nan dare da rana, kamar Mezzo ta Faransa da Stingray Classica. Alherinsu a fili yake: ba sa cin data, hoto ba ya tsayawa, kuma za ka ci karo da abin da ba za ka taɓa nema da kanka ba. Amma ba za ka iya tsayar da wasa ba, idan aka ɗauke wuta a tsakiya shi ke nan, kuma irin waɗannan tashoshi galibi a cikin kunshi mafi tsada ake sa su. Kada ka sayi dikoda ko ka hau babban kunshi a kan maganar baki. Ka ce wa dillalin ya nuna maka sunan tashar a jerin wannan watan na ƙasarka, domin kamfanoni suna cire tashoshi suna sakawa. Idan dama kana da kunshin kuma tashar na ciki, ka more. Ƙarin kuɗi saboda ita kaɗai, ban ga ribarsa ba.

Faifai ma bai mutu ba. Kamfanoni irin su Opus Arte da Deutsche Grammophon suna fitar da wasanni a DVD da Blu-ray, kuma sautin Blu-ray ya fi na intanet. Sau ɗaya za ka biya, babu data, babu wa'adi. Wahalar ita ce samunsa, sai dai ka ba wa mai zuwa Turai saƙo, kuma ka tabbatar an rubuta a bayan kwalin cewa yana aiki a kowane yanki, da harshen fassarar da kake ji. Ga makaranta ko ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke son nuna wa ɗalibai wasa ɗaya sau da yawa, faifai ya fi rijista.

Yanzu ga inda nake ganin mutane suka fi yin kuskure. Sai mutum ya biya rijistar dala, ya zauna yana saurare ta sifikar talabijin. Talabijin na zamani siriri ne, babu wurin da sauti mai nauyi zai fito, sai muryar mace ta zama tsuwwa, makaɗa sittin su dunƙule su zama hayaniya. Mawaƙin opera shekaru yake yi yana horar da muryarsa ta cika babban zaure ba tare da makirufo ba, kuma abin da ka zo ji ke nan. Kuɗin rijistar shekara ɗaya zai saya maka sifikoki biyu masu kyau ko doguwar sifikar da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin. Idan kai kaɗai kake kallo, abin saurare mai rufe kunnuwa ya wadatar, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. OperaVision na kyauta da sifika mai kyau ya fi mafi tsadar rijista da sifikar talabijin.

Data ma sai an lissafa. Opera yakan ɗauki awa biyu da rabi zuwa uku, na Wagner, marubucin opera na Jamus, har ya haura huɗu. A matsakaicin hoto na 480, awa ɗaya tana cin kimanin rabin giga ko sama kaɗan, a 720 giga ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a 1080 kuwa biyu zuwa uku. Opera yana jure ƙaramin hoto, tunda kunne ne ke aiki, muddin kana iya karanta fassarar. Bale ba ya jurewa: idan hoto ya dusashe, ƙafafun masu rawa ashirin sai su zama hazo. Shi ya sa a waya ba na ba da shawarar kallon bale. Wanda talabijin ɗinsa ba ya shiga intanet, wayar HDMI daga kwamfuta ta isa, ba sai ya sayi sabo ba.

Akwai kuma maganar da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Kayan masu rawar bale matsattsu ne, maza da mata suna riƙe juna, kuma wasu sababbin shirye-shiryen opera na Turai suna da tsiraici ko zubar da jini. Kowane gida da nasa ma'aunin. Kusan duk wasa yana da ɗan gajeren talla da hotuna a shafinsa, ka duba su kai kaɗai kafin ka tara iyali, ka kuma karanta taƙaitaccen labarin, wanda zai sauƙaƙa maka bin fassara ma.

Don wasan farko, ni Aida na Verdi, marubucin opera na Italiya, nake zaɓar wa mutum. A Alƙahira aka fara nuna shi a 1871, labarin gimbiyar Habasha ce da aka kama baiwa a Masar, ta faɗa tsakanin son kwamandan yaƙin Masar da biyayya ga mahaifinta sarki. Rikici ne da mai kallonmu zai gane tun kafin ya karanta fassara. Idan babu shi a OperaVision a lokacin, ka yi amfani da kwanakin gwaji na Met ka kalle shi, ka rubuta ranar da wa'adin zai cika a wayarka, ka soke kafin ta zo idan ba ka shirya biya ba.